Yadda Ake Zaɓar Shafin Da Zai Daɗe a Jikin Gidan Kibod

Ɗauki kibod na kwamfuta wanda ka fi shekara guda kana aiki da shi, ka kai shi bakin taga, ka karkata shi ga haske. Kada ka kalli madannan, kalli gidan da suke zaune a ciki. Leɓen gaba, inda tafin hannu yake kwanciya, za ka tarar ya fi sauran jikin sheƙi, ko kuwa launinsa ya fara koɗewa. Kusurwoyin nan biyu na gaba sun sha karo da tebur da bakin jaka. Gefen ramin da wayar USB take shiga kuma cike yake da ƙananan ƙarce-ƙarce, don ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ka lalubi ramin da bakin waya idonka yana wani wuri. Waɗannan wurare uku su ne alƙalan duk abin da za ka shafa wa gidan.

Da yawanmu da launi muke farawa. Mutum ya ga hoton wani kibod shuɗi mai duhu, ransa ya biya, ya sayo gwangwanin fenti ya fesa. Bayan wata uku fenti ya fara ɓamɓarewa a leɓen gaba, sai ya ce fentin ne marar kyau. Sau da yawa ba laifin fenti ba ne. Shafi yana daɗewa ne idan ya dace da abin da aka ƙera gidan da shi, kuma aka gyara masa wurin zama kafin a ɗora shi. Launi shi ne na ƙarshe a zaɓi. Idan na ce shafi a nan, ina nufin duk abin da ake lulluɓe fuskar gidan da shi, fenti ne, rini ne ko mai.

Mataki na farko: gano da me aka yi gidan

Kife kibod ɗin, kwance notocinsa, ka raba gidan da kayan ciki. In na roba ne, leƙa cikinsa da kyau. Masana'antu sukan buga sunan robar tsakanin alamomi biyu, kamar >ABS< ko >PC<. ABS ita aka fi samu a kibod na yau da kullum, PC kuwa folikabonet ce, wadda ake yin gidajen nan masu ɗan nuna haske da ita. Amfanin wannan 'yar alamar shi ne ta gaya maka iyakar zafin da gidan zai iya ɗauka. ABS tana fara laushi a wajen digiri 105 na ma'aunin Salshiyos, folikabonet a wajen 147. In kuma da injin buga abubuwa na 3D aka fitar da gidan, da robar PLA, tun daga digiri 60 za ta fara lanƙwashewa. Ka ga ke nan duk shafin da sai an gasa shi a digiri 200 ya fita daga lissafinka tun kafin a je ko'ina.

In na ƙarfe ne, kawo maganaɗisu. Ya kama, to baƙin ƙarfe ne. Bai kama ba, kuma gidan bai yi nauyin da ya kamata girmansa ya yi ba, kusan tabbas alminiyom ne. Shi ma iri biyu ne. Akwai wanda inji ya sassaƙa daga dunƙule guda, galibi samfurin 6061 ko 6063, kana iya ganin sawun bakin injin a ciki. Akwai kuma wanda aka narka aka zuba a mazubi. Shi na zubi ana gane shi da wasu ƙananan da'irori a cikinsa, wurin da sandunan mazubi suka turo shi waje. Riƙe wannan bambancin, za mu dawo kansa.

Kafin ka ajiye gidan, nemi wani lungu a ciki da ba a gani, ka ɗan ja bakin reza a kai. In wani abu ya naɗo kamar ɓawo, fenti ne a jikinsa. In layi ne kawai mai ƙyallin azurfa ya fito ba tare da komai ya ɓare ba, anodayizin ne aka yi masa, wato an mayar da fuskar ƙarfen da kanta wani ɓawo mai tauri.

Mataki na biyu: me yake cin kibod ɗinka?

Wannan tambaya ce ta minti biyu, amma a amsa ta da gaskiya. Kibod ɗin da kullum yake kan tebur, abokan gabarsa gumi ne da maiƙon hannu da gugar tafi. Wanda ake jefawa a jaka tare da makullai, duka ne matsalarsa. Wanda yake kusa da taga, rana ce za ta shanye masa launi. Mai sa agogon ƙarfe ko zobe kuma, kullum yana goga ƙarfe a leɓen gaba ko bai sani ba. Tauri daban, jure duka daban. Shafi mai tsananin tauri ba ya ƙarcewa da sauƙi amma yana iya tsagewa in ya faɗi, mai ɗan laushi yana shanye duka amma yana saurin nuna ƙarce. Babu wanda ya haɗa duka, don haka zaɓi wanda zai tare maka abin da ya fi damunka.

Mataki na uku: lissafin kauri

Nan ne mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe, don ba wanda yake tunanin fenti yana da kaurin da zai hana abu shiga wurinsa. Ana auna kaurin shafi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum wajen maikiron 70 ne. Gidan kibod mai kyau an sassaƙa shi ne yadda sama da ƙasa za su haɗu cif, farantin da yake riƙe madannai ya zauna daram, robobin da suke tallafe shi su matsu daidai gwargwado. Duk abin da ka ƙara a fuska biyu masu haɗuwa, sau biyu ka ƙara shi.

Ramin noti ya fi kowane wuri rashin haƙuri. Notocin kibod ƙanana ne, yawanci M2 zuwa M3. Tazarar da ke tsakanin haƙoran M2 milimita 0.4 ce kacal, kuma saboda karkatar haƙoran, shafi yana matse ramin da kusan ninki huɗu na kaurinsa. Shafin maikiron 80 ya cinye fiye da milimita 0.3 ke nan. Na gani da idona a gidan farko da na aika aka yi wa fentin hoda, wato busasshen garin fenti da ake gasawa a jikin ƙarfe. Ya dawo gwanin sha'awa, baƙi mai ɗan gurza-gurza, amma da na ɗora noti a ramin farko sai ya yi juyi ɗaya ya cije. Na haska tocila, sai ga haƙoran ramin sun shafe sumul kamar ba a taɓa yanka su ba. Ramuka takwas, sai da na bi kowanne da abin yanka haƙori a hankali, ina juyawa gaba kaɗan baya kaɗan, gabana yana faɗuwa kada ya karye a ciki. Ban toshe su ba, ban kuma ce a toshe ba.

Mataki na huɗu: zaɓi a kan alminiyom

Anodayizin shi ne abin da akasarin gidajen alminiyom suke zuwa da shi, kuma ba fenti ba ne. Ana tsoma gidan cikin ruwan asid na salfa, a sakar masa wutar lantarki, sai fuskar ƙarfen da kanta ta rikiɗe ta zama wani ɓawo mai tauri mai cike da ramukan da ido ba ya gani. A tsoma shi a rini, rinin ya shige ramukan, sannan a toshe bakinsu. Tun da daga jikin ƙarfen ya tsiro, babu yadda za a yi ya ɓamɓare. Za ka ji ana cewa nau'i na II da nau'i na III. Sunayen sun fito ne daga wata ƙa'idar sojojin Amurka mai lamba MIL-A-8625. Na II shi ne mai launuka, kaurinsa wajen maikiron 5 zuwa 25. Na III shi ne mai tsananin tauri, yakan kai wajen 50, kusan rabinsa a nutse cikin ƙarfen rabi a waje, sai dai launinsa na asali mai duhu ne, shi ya sa aka fi ganinsa a baƙi ko ruwan toka.

Ga gidan da yake zaune a kan tebur, ni a ganina babu kamar anodayizin. Gumi ba ya damunsa, gugar tafi ba ta cinsa da wuri, kuma yana barin ƙarfe ya ji kamar ƙarfe a hannu. Amma a san iyakarsa. Ba ya ɓoye aibi ko kaɗan, duk ƙarcen da ke ƙasa zai fito a sama. Ba ya ba da fari na gaskiya, domin ƙwayoyin farin launi sun fi ƙarfin ramukan. Wasu rinukan, musamman masu ja-ja, rana tana koɗar da su. In kusurwa ta daki ƙasa, ƙarfen da ke ƙarƙashi mai laushi ne, sai ya loɓa, ɓawon ya tsage, farin ƙarfe ya leƙo, kuma ba a yi masa faci. Sannan alminiyom na zubi, saboda yawan silikon da ke cikinsa, ba ya karɓar anodayizin da kyau, yakan fito dishi-dishi da dabbare-dabbare. In naka na zubi ne, wuce wannan ƙofar.

Fararen gidajen alminiyom da kake gani, yawancinsu i-kot ne. Shi fenti ne da ake narkawa a ruwa, a tsoma gidan, lantarki ya jawo ƙwayoyin fentin su manne ko'ina daidai wa daida, har cikin lunguna, sannan a gasa. Siriri ne, wajen maikiron 20, yana da santsi mai daɗin taɓawa. Rauninsa kusurwa, yana iya ɓallewa in ya sha duka. Aikin masana'anta ne, da wuya ka sami mai yi maka gida guda ɗaya.

Fentin hoda busasshen gari ne da ake fesawa, lantarki ya riƙe shi a jikin ƙarfe, a gasa a digiri 180 zuwa 200 na minti goma zuwa ashirin, ya narke ya zama fata guda. Shi ne gwanin shanye duka, yana kuma rufe ƙananan aibobi. Kuɗin da za ka biya shi ne kauri: maikiron 60 zuwa 100, wani lokaci fiye. Yana dakushe kaifin layuka, yana cike zanen tambari. In gidan na zubi ne, iskar da ta maƙale a cikin ƙarfen tana fitowa lokacin gashi ta huda fentin, shi ya sa gwanaye suke fara gasa gidan tsirara kafin su fesa.

Sai Cerakote, wanda kamfanin NIC Industries na jihar Oregon ta Amurka yake yi. A wurin masu bindigogi ya fara yin suna, daga baya masu kibod suka rungume shi. Fenti ne na ruwa mai haɗe da ƙwayoyin siramik, ana fesa shi siriri, wajen maikiron 25. Samfurin H ana gasa shi a kusan digiri 120 na awa biyu, ko kusan 150 na awa guda. Samfurin C a iska yake bushewa, yana ɗaukar kwana biyar kafin ya gama ƙanƙamewa. Yana ba da fari da launuka masu haske waɗanda anodayizin ba ya bayarwa, sinadarai ba sa cinsa da sauƙi, kuma ba ya ɓata lissafin kauri. Sai dai rayuwarsa gaba ɗaya tana kan share fage. Dole a wanke maiƙo tas, a feshe fuskar da yashin alminiyom oksayid mai lamba 100 zuwa 120 don ta yi kaushin da zai kama. In aka yi amfani da ƙwayoyin gilashi maimakon yashin, daddanna fuskar kawai suke yi, ba sa yi mata haƙora, sai shafin ya zauna a kan santsi.

To, a taƙaice ga yadda nake yanke shawara. Sassaƙaƙƙen alminiyom ne kuma launi mai duhu ko mai ƙyallin ƙarfe kake so, je ga anodayizin. Fari ko launi mai haske, Cerakote. Kibod ɗin tafiya ne, ko gidan ya riga ya sha wuya kana son rufe tabonsa, fentin hoda. In kuwa da hannunka kake son yi, karanta mataki na takwas da kyau.

Gargaɗi ɗaya a nan. Sake yin anodayizin yana buƙatar a cire tsohon, kuma da soda mai ƙuna ake cire shi. Sodar tana ƙona fata, tana makantarwa, tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, kuma da ta gama da ɓawon sai ta shiga cin ƙarfen. Bar wa masu sana'ar. In fenti za ka ɗora, ba sai ka cire anodayizin ba, gurje shi kawai ya dushe, shimfiɗa ce mai kyau.

Mataki na biyar: roba, katako da tagulla

Roba ba ta son zafi, ba ta son sinadari mai ƙarfi. Asitun, ruwan nan da ake goge fentin farce da shi, yana narkar da ABS nan take, tina ma haka, don haka da ruwan sabulu za ka wanke, ka bi da ɗan isofurofil, wato giyar goge-goge, a tsumma. Fentin feshi shi ne hanya, amma sai an fara da abin sa fenti ya kama roba, wanda ake fesawa siriri kafin firama, wato shimfiɗar farko da launi yake zama a kai. Folikabonet ta fi ABS tsiwa. Ruwan da ke cikin fenti na gama-gari yana sa ta tsattsage, musamman a gindin ginshiƙan noti inda take a matse. In dole ne, nemi fentin da aka yi dominta, irin jerin PS na Tamiya da masu motocin wasa suke fesawa daga ciki, yadda robar da kanta za ta zama rigar fentin. Ni dai gidan folikabonet mai nuna haske na fi so a bar shi yadda yake.

Abu ɗaya da zan roƙe ka ka guje wa shi ne shafin nan mai laushi kamar fata. Ranar farko daɗinsa ba a magana. Bayan 'yan shekaru danshi da maiƙo su ruɓar da shi, ya koma danƙo yana kama ƙura da yatsu.

Katako, in kariya kake nema, banish na foliyuritan ya fi, shafi uku sirara da gurza mai laushi a tsakani. Mai irin na tung ya fi nuna kyan itacen kuma ana sabunta shi cikin sauƙi, amma bai kai banish tare gumi ba. Shafa ciki da waje, don kada danshi ya shiga ta gefe guda ya murɗa gidan. Tsumman da ka shafa man linsid (wani irin man katako) da shi kada ka dunƙule shi ka jefa a kwando, yana iya kama wuta da kansa. Shanya shi a buɗe ko ka nutsar da shi a ruwa.

Farantin tagulla da ake sawa a ƙasa don nauyi kuwa, in aka bar shi tsirara zai yi duhu, sawun yatsa ya zauna a kansa. Wasu hakan suke so. In ba ka so, fentin laka (lacquer) marar launi ya wadatar.

Mataki na shida: sheƙi, sannan launi

Mai ƙyalli sosai yana tona kowane ƙarce da kowane sawun yatsa. Marar sheƙi ƙwarai yana ɓoye su da farko, amma inda tafi yake gogawa sai ya goge ya yi santsi, ka ga tabo mai ƙyalli a tsakiyar dushi. Matsakaici shi ne mai tsufa da mutunci. Launi ma haka: baƙi a kan alminiyom, ƙaramar ɓalla tana haskawa kamar tauraro, ruwan azurfa ko toka kuwa da ƙyar a lura. In anodayizin za a yi, sama da ƙasa su shiga ruwan rini tare a lokaci guda, in ba haka ba za ka sami launi biyu masu suna ɗaya.

Mataki na bakwai: tuɓe gidan, toshe abin toshewa

Cire komai: allon lantarki, ƙaramin allon USB, batir in marar waya ne, soso, robobin ƙafa. Maganaɗisun niyodimiyom na gama-gari yana fara rasa ƙarfinsa daga wajen digiri 80, don haka in akwai shi kuma za a yi gashi, fitar da shi. In anodayizin ne, duk wani abin da ba alminiyom ba sai ya fita, don asid zai cinye shi. Ɗauki hoto a kowane mataki, ka zuba notoci a 'yan kofuna daban-daban.

Ramukan noti a toshe su da matosan silikon, ko a ɗaura tsofaffin notoci a ciki. Fuskokin da sama da ƙasa suke haɗuwa, da mazaunin robobin faranti, a rufe su da salatif ɗin masu fenti, mai jure zafi in za a gasa. In akwai wurin da allon lantarki yake taɓa gidan da gangan don sauke wuta, bar shi tsirara, don shafi ba ya wuce da lantarki.

In aikawa za ka yi, ka tura da hoto wanda ka zagaye waɗannan wuraren da jan biro. Tambayi mai aikin kaurin da zai ɗora, da abin da zai gurje fuskar da shi, da inda zai rataye gidan. Maratayi yana barin tabo, musamman a anodayizin, ka nuna masa lungun ciki. Wanda ya amsa waɗannan ba tare da inda-inda ba, ya san aikinsa.

Mataki na takwas: in da hannunka za ka yi

Tun ran gini tun ran zane, kuma a fenti ranar gini ita ce ranar gurza. Wanke gidan da ruwan sabulu, ya bushe. Gurje shi da samfefa mai lamba 400, ka bi da 600, har ya zamana babu inda yake ƙyalli. Ɗan dakushe kaifin kusurwoyi kaɗan, domin fenti yana gudu daga kaifi, nan ne yake fin siranta, nan ne kuma yake fara mutuwa. Share da isofurofil. Daga nan kada yatsa tsirara ya sake taɓa shi, sa safar hannu.

A kan alminiyom tsirara, firama mai ɗan asid wadda take cizon ƙarfe ita ce ta farko, kuma a fesa ta ranar da aka gurza, don ƙarfen ba ya jira, nan da nan yake sake yin ɓawo. Yi aikin a wuri mai iska marar ƙura, zafi tsakanin digiri 18 da 25, ba ranar da iska take cike da danshi ba, don danshi yana sa fenti ya yi hazo. Girgiza gwangwani na minti biyu cur. Riƙe shi santimita 20 zuwa 25 daga gidan. Fara fesawa kafin hannunka ya iso gidan, ka saki bayan ya wuce. Shafin farko kamar raɓa, har kana hango ƙasa. Fara da kusurwoyi da gefuna, sannan filin. Sirara uku sun fi mai kauri ɗaya nesa ba kusa ba.

Karanta bayan gwangwani a kan lokacin ƙari. Da yawa suna cewa a ƙara cikin awa guda, ko kuma a jira awa 48. Wanda ya ƙara a tsakanin nan yakan wayi gari fenti ya yamutse kamar fatar tsoho. Firama da launi da rigar sama, wato shafi marar launi na ƙarshe, su fito daga kamfani ɗaya, don fentin laka a kan fentin inamel yana iya tayar da shi.

Rigar sama ita ce mai ɗaukar wahala, kuma a nan ne aikin gida yake rabuwa biyu. Ta gama-gari, wadda ake kira 1K, bushewa kawai take yi, gumi da giyar goge-goge suna iya tausasa ta a hankali. Ta 2K tana da sinadarin ƙanƙamewa a wani ɗaki a cikin gwangwanin. Kana danna maɓallin ƙasa su haɗu, sai ta zama irin rigar da ke kan fentin mota. Da ka danna, kana da kimanin awa 48 kafin ta daskare a ciki. Ita ce kaɗai nake yarda da ita a leɓen gaba. Amma tana ɗauke da aisosayanet, wanda yake iya jawo asma ta dindindin. Takunkumin tsumma ba ya tare shi. A waje za ka yi, da takunkumi mai matatar tururin sinadarai wanda ya kama fuska sosai, da tabarau, da dogon hannu, babu yara ko dabbobi a kusa. Mai ciwon ƙirji ya ba wani ya fesa masa.

Mataki na tara: gwaji

Duk abin da za ka yi wa gidan, yi wa wani guntu mai irin jikinsa a lokaci guda, ko cikin murfin ƙasa inda ba a gani. Bayan mako guda, ɗauki reza ka ja layi shida a tsaye, shida a kwance, tazarar milimita 1, ko 2 in shafin mai kauri ne, har su kai ƙasa. Ka sami ƙananan gidaje 25. Manna salatif mai ƙarfi, danne shi da yatsa, ka cire. Wannan shi ne ainihin gwajin da ƙa'idar ISO 2409 ta tsara. In gidajen suna nan daram, shafi ya kama. In sun biyo salatif, matsalar a gurza ko firama take, kuma gara ka gano yanzu. Sannan ɗiga isofurofil a gefe, ka bar shi minti guda ka goge. In launi ya biyo tsumma, haka gumi zai yi masa sannu a hankali.

Mataki na goma: jira, sannan haɗawa

Bushewa daban, ƙanƙamewa daban. Fenti yana iya bushewa a taɓa cikin awa guda alhali cikinsa ɗanye ne. Ka ba 2K kwana bakwai. Fenti na 1K da banish mai mai, ba su mako uku zuwa huɗu. Danna farce a guntun gwaji, in ya bar sawu, lokaci bai yi ba. Hanci ma yana taimakawa, muddin kana jin warin fenti to bai gama ba. Kada ka ajiye shi a kan roba ko cikin leda a wannan lokacin, zai kwafi zanensu.

Ranar haɗawa, shimfiɗa tawul a kan tebur. Bi bakin salatif da reza kafin ka ɗaga shi, don kada ya ja fentin gefe. Kowane noti fara juya shi da yatsu, in ya cije kada ka tilasta, fitar da shi ka share ramin. Ɗaura su a gicciye, kaɗan-kaɗan, ka tsaya da zarar sun zauna, domin kan noti yana iya murɗe sabon fenti ya fasa shi. Sa wayar USB a karon farko kana kallo.

Goge-goge kuwa, tsumma mai laushi da ɗan ruwa ya isa, in maiƙo ya yi yawa a ƙara ɗigon sabulun wanke kwanuka. Kada bilic ko maganin wanke tanda ya kusanci anodayizin, suna cinsa. In fenti ya ɓalle a kusurwa, kada ka bari, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, gumi zai bi ta nan ya ɗaga na kusa. Fesa ɗan ragowar launin a murfin gwangwani, ka ɗauka da bakin tsinke, ka ɗiga a ramin, ka bar shi kwana biyu kafin tafinka ya koma wurin.